Hawan Tsaunukan Alps da Babur a Lokacin Kaka

Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, masu sha'awar manyan babura a Turai kan yi rige-rigen zuwa ban-kwana da hanyoyin da suka ratsa tsaunukan Alps, kafin dusar ƙanƙara ta toshe su sai baɗi. Suna da hujja. Cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya ragu, sararin sama ya washe har ana hango ƙololuwar duwatsu tangaran, itatuwan gangare kuma sun rine sun koma ruwan gwal. Sai dai duk wanda ya tsara tafiyar kaka da lissafin watan Yuli, to ya shirya kwana inda bai yi niyya ba. A wannan lokaci ba a auna tafiya da kilomita. Da awoyin rana da tsawon dutse ake auna ta.

Mu ɗauki zagayen da ya fi suna a Suwizalan. Ana tashi daga garin Andermatt, a haye mashigin Furka mai tsawon mita 2,429, a gangara Gletsch, a sake hawa Grimsel mai mita 2,164, a yi doguwar gangara zuwa Innertkirchen, sannan a haye Susten mai mita 2,224 a faɗo Wassen, a koma inda aka fito. Duka-duka kilomita 120 ne ko kusa da haka. Don mai karatu ya gane irin tsawon da ake magana, Chappal Waddi na jihar Taraba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan kwaltar Furka ta ɗara shi da mita 10.

Kilomita 120 a shimfiɗaɗɗen titi ba ta kai awa biyu ba. A nan kuwa, wanda ya yi kilomita 40 a awa ya yi ƙoƙari, wato awa uku na tuƙi zalla. A kan wannan za a ɗora tsayawa shan shayi, da ɗaukar hoto, da cin abinci, da bin bayan doguwar mota a inda babu damar wucewa. Kuma za a tsaya, ko an yi niyya ko ba a yi ba. Ban ga mai idon da zai iso kwanar otal ɗin Belvédère, inda ake leƙa daskararriyar ƙanƙarar da kogin Rhône ke fitowa daga cikinta, ya wuce bai taka birki ba. A kan hanyar Furka ɗin ne aka ɗauki wani sashe na fim ɗin James Bond mai suna Goldfinger na 1964, shi ya sa ba a raba wurin da masu kyamara. Idan aka haɗa duk tsaye-tsayen nan, awa ukun nan ta zama shida.

To awa shida ɗin ce fa kusan iyakar abin da kaka ke bayarwa. Sammako, wanda aka san shi da albarka a kowace tafiya, a nan shi ne haɗarin. Raɓar dare da ruwan da ke tsattsafowa daga jikin dutse kan daskare a kan kwalta, su zama wata siririyar ƙanƙara da ido ba ya gani. Kwaltar dai za ta yi kamar ta ɗan jiƙe. Ta fi maƙalewa a kan gadoji, da bakin ramukan da aka huda cikin dutse, da kwanonin da inuwa ke rufewa. Mota mai taya huɗu na iya zamewa ta gyara. Babur ba ya samun wannan alfarmar. Saboda haka gogaggu ba sa tunkarar saman dutse sai hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe goma, kuma suna so la'asar ta same su sun sauko daga mashigi na ƙarshe. A tsakiyar Oktoba rana kan faɗi kafin ƙarfe bakwai, amma a cikin kwari dutse ya riga ya tare ta tun da sauran lokaci. Daga Lahadin ƙarshe ta Oktoba kuma, da an mayar da agogo baya da awa ɗaya, magariba ta dawo wajen biyar da 'yan mintuna.

Wannan ne ya sa ta inda aka fara zagayen ma abin dubawa ne. Wanda ya fara da Furka daga Andermatt zai hau ɓangaren da ke fuskantar gabas, wanda ranar safe ta riga ta ɗumama. Farashin da zai biya shi ne gangarar Susten zuwa Wassen, ita ma ta gabas ce, da yamma inuwa ke cinye ta da wuri.

Sai batun sanyi. A ƙiyasi, duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da digiri 6 da rabi. Innertkirchen bai kai mita 700 ba, saman Susten kuwa ya haura 2,200. Mutum ya ci abincin rana a ƙasa cikin digiri 14, rigarsa a buɗe, bayan ƙasa da awa guda ya tsinci kansa cikin digiri 4, iska na dukan ƙirjinsa. Abin tsoron ba rawar ɗari ba ce. Yatsun da suka sandare ba sa jin birki, kuma wanda sanyi ya ratsa hankalinsa kan yi nauyi ba tare da ya sani ba. Riguna sirara uku da za a iya cirewa a mayar sun fi jibgegiya guda ɗaya, a haɗa da safar hannu mai kauri da wata ta canji, da abin rufe wuya, da gilashin hular kwano wanda numfashi ba ya dusashewa. Taya ma na jin sanyi: ba ta kama kwalta sosai sai ta yi ɗumi, don haka bayan kowace doguwar tsayawa a fara a hankali.

A Satumba makiyayan yankin ke sauko da shanunsu daga makiyayar kan dutse, wani lokaci da ado na furanni da manyan ƙararrawa a wuya. Abin kallo ne, amma kashin da suka bari a kan kwana yana da santsi, haka ma jiƙaƙƙen ganye da tsakuwar da ruwa ya zubo.

Ita kwanar dutse da ke naɗewa ta koma baya, sirrinta a ido yake. A rage gudu kafin a shiga, a sa giya ta ɗaya ko ta biyu, a juya kai a kalli mafita, a ɗan dafa birkin baya, kada a damƙe na gaba babur na kwance. Inda ido ya kalla can babur ke zuwa. Wanda ya ƙura wa bakin rami ido, ramin zai nufa. A gangara kuma giya ce ke riƙe babur. Wanda ya kwanta a kan birki tun daga saman Grimsel, zai iya isa ƙasa ya matsa ya ji ba komai saboda zafi. Direbobin da ke hawan Mambila zuwa Gembu ba sa bukatar a gaya musu wannan. A ƙa'idar Suwizalan, idan hanya ta matse, mai gangarowa ne ke ba mai hawa hanya, bas ɗin gidan waya mai ruwan ɗorawa kuwa, da an ji kakakinsa mai murya uku, a rakuɓe.

Akwai masu jin cewa tunda sun zo, sai sun haɗa da Stelvio ta Italiya, mai mita 2,757 da kwanoni 48 a ɓangare ɗaya, kowace da lambarta, wadda daular Ostiriya ta gina tsakanin 1820 da 1825. A ganina wannan haɗama ce. Stelvio yininta daban, kuma saboda tsawonta dusar ƙanƙara na iya sauka a kanta tun Satumba. A kaka, mashigi uku a yini ya isa. Biyu ma ba abin kunya ba ne.

Waɗannan hanyoyi galibi ana rufe su tsakanin Oktoba da Nuwamba sai wajen Yuni, amma ranar rufewa ba ta kalanda ba ce, ta sama ce. Hanyar da aka bi jiya ana iya wayar gari an gitta mata ƙarfe. A duba sanarwar hanyoyi da hasashen hukumar yanayi ta MeteoSwiss da safen tafiyar, ba da daren jiya kaɗai ba. A cika tanki a kwari, don babu gidan mai a saman dutse, kuma wasu gidajen abincin can sun riga sun kulle. Lambar neman agaji 112 ce, ta jiragen ceto na Rega kuma 1414.

A kuma yanke tun a gida inda za a haƙura. A wannan zagaye wurin shi ne Innertkirchen, domin daga nan zuwa Wassen kilomita 45 ce ta dutse, babu wata hanyar ratse. Idan ƙarfe uku ta yi ba a bar garin ba, ko aka ɗaga kai aka ga gajimare ya zauna a kan Susten, a nemi ɗaki a nan ko a Meiringen da ke kusa, a ƙarasa gobe da hantsi.