Tsibiran Makango: abin da mai zuwa cin kifi ya kamata ya sani

Hanyar da ta taso daga Tamale ta ratsa Salaga a Makango take ƙarewa, don daga nan sai ruwa. Gari ne ƙarami a bakin Tafkin Volta, cikin ƙasar Gwanja ta Gabas a Yankin Sabana na Gana, yana fuskantar Yeji da ke tsallake. Yawancin masu zuwa nan wucewa suke yi: su jira babban jirgin fito da ke ɗaukar motoci, ko su shiga kwale-kwale mai inji, su haye. Kaɗan ne ke tsayawa su nemi mai jirgi ya kai su ɗaya daga cikin ƙananan tsibiran masunta da ke warwatse a tafkin, su ci kifin da aka fitar a gabansu, su yini a kan ruwa. Wanda ke da wannan niyya zai fi jin daɗin tafiyar, kuma zai fi tsira, idan ya fahimci irin ruwan da zai hau.

Tafkin nan ɗan jiya ne. An fara gina madatsar Akosombo a 1961, aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Ruwan da ta tare ya bi kwarin kogin Volta ya yi ta hawa har ya rufe ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000 aka sake musu matsuguni a garuruwa 52. Tsohon garin Yeji ma ruwa ya ci shi, aka koma tudu. To tsibiran da ake gani yau ba wani abu ba ne illa kawunan tuddan da ruwa bai kai ya shanye ba. A ƙarƙashin jirgin da kake ciki akwai gonaki da hanyoyi da kufai, akwai kuma daji sukutum, domin ba a sare itatuwan ba kafin ruwa ya zo.

Kafin wannan, mashigin Yeji babbar ƙofa ce. Ta wannan ɓangare goron Asante ke hawowa kasuwar Salaga, inda fataken Kano da Katsina da Sakkwato ke jiransa da jakuna, abin da kakanninmu ke kira fataucin Gwanja. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, 'yan zango suka bazu zuwa Kete Karachi da Yendi da sauran wurare. Duk da haka babbar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta ci gaba da bi ta Atebubu da Yeji da Salaga, har sai da tafki ya mai da ƙetaren kogi na ɗan lokaci ya zama doguwar tafiya a kan ruwa. Manyan motoci suka koma hanyar Kintampo da Buipe. Makango ta rasa hanya, ta sami kifi.

Kifin kuwa ya zo da mutanensa. Da labari ya bazu cewa sabon tafki ya cika da kifi, masunta daga kudu suka yi ta tahowa: Ewe na ƙasar Tongu waɗanda madatsar ta ɓata musu sana'a a ƙasan kogi, da mutanen Ada, da Fante daga bakin teku. Su ne mafi yawan mazauna tsibiran da ƙauyukan gaɓa. Ƙasa ta sarakunan Gwanja ce, su kuwa baƙi ne da suka zauna da izini, kowane ƙauye da shugabansa. Shi ya sa baƙon kirki ba ya sauka daga jirgi ya kama ɗaukar hoto. Sai ya nemi a kai shi ya gai da mai gari tukuna. Da Hausa ana iya cin kasuwa a Makango da Yeji, amma a tsibiri za ka fi jin Ewe da Dangme da Twi, don haka a tafi da wanda ya san harshen.

Yanzu ga itatuwan nan da aka bari a ruwa. Su ne arzikin tafkin, su ne kuma masifarsa. Gansakuka da ƙananan ƙwari na taruwa a jikin kututturen, ƙananan kifaye su zo ci, manya su biyo su. Masunci ya san haka, don haka kusa da su yake shimfiɗa taru. Amma reshen da ke tara kifi shi ke kama raga, kuma raga ba ta da arha. Idan ta sarƙe sai an nutsa an kwance ta. A nan ne abin kunyar tafkin yake: shekara da shekaru ana kawo yara daga ƙauyukan talakawa na kudu, a ba iyayensu 'yan kuɗi, a sa su kwashe ruwa daga jirgi da tuƙi da nutso cikin duhun ruwa. Wasu ba sa fitowa. Dokar Gana ta 2005 ta haramta fataucin mutane, ƙungiyoyi sun karɓo yara da yawa daga yankin Yeji, amma abin bai ƙare ba. A ganina mai yawon buɗe ido da ya ga yaro ɗan shekara takwas yana jan raga da hantsi a ranar makaranta, ya ɗauke shi hoto don sha'awa, bai fahimci inda ya zo ba.

Kututturen nan kuma su ke fasa jirage. Lokacin da ruwa ya janye, kawunansu na fitowa fili kamar turakun da aka kafa a garke, matuƙi na ganinsu ya kauce. Haɗarin ya fi yawa idan ruwa ya ɗan rufe su, ba a ganinsu amma suna nan taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa. Matuƙin da ya daɗe a wurin yana da hanyarsa a ka, yana auna ta da wata bishiya a gaɓa ko wani tudu. Saboda haka idan ka ga ya yi kwana a inda kai ba ka ga komai ba, kada ka ce ya miƙe don a yi sauri.

Hawa da saukar ruwan ma ba a Makango ake yanke su ba. Ruwan sama da ya sauka a Burkina Faso da arewacin Gana shi ke cika tafkin. Farin Volta na gangarowa ta ƙasar Bawku, kuma idan aka buɗe madatsar Bagre a Burkina wajen watan Agusta ko Satumba, ruwan da ya ci gonakin mutanen ƙasar Bawku shi ne daga baya yake isowa nan. Kogin Daka da mutanen Yendi ke sha shi ma a tafkin yake ƙarewa. A ɗaya gefen kuma injinan wutar lantarki na Akosombo na zuƙar ruwan dare da rana. Ana auna tsayinsa a madatsar: ƙafa 278 ne iyakar cika, ƙafa 240 ne mafi ƙarancin da aka tsara injina su yi aiki da shi. A 2007 ya faɗi ƙasa da haka, ƙasar ta sha ɗauke wuta. A watan Satumban 2023 kuwa ya cika har aka buɗe ƙofofi, garuruwan da ke ƙasan madatsar irin su Mepe suka nutse. A ƙasa mai shimfiɗe irin ta Gwanja, 'yan ƙafafun nan na nufin gaɓa ta matsa da nisa sosai. Wurin da jirgi ya sauke ka a Nuwamba, a watan Mayu sai ka yi tafiya cikin taɓo kafin ka kai ruwa, wani tsibirin ma ya haɗe da tudu. Mutanen wurin ba sa barin wannan danshi ya tafi a banza: suna bin ruwa yana janyewa suna shuka kuɓewa da tumatir da masara.

Kifin da za a sa maka a gaba na ruwan daɗi ne. Karfasa ce kan gaba, sai tarwaɗa da ƙurungu da ragon ruwa da bargi, in an yi sa'a giwan ruwa. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin da ake soyawa ƙayau a ci da ƙashinsu. Hanyoyin kamu suna da yawa: taru da ake shimfiɗawa da yamma a ɗebe da asuba, birgi da ake jefawa, ƙugiyoyi a doguwar igiya, da gora da ake yankawa gaɓa-gaɓa a nutsar, kifi ya shiga ya ɓuya ko ya yi ƙwai a ɗago shi a ciki. Wannan ta ƙarshe, da raga mai ƙananan ido, su ne ake kuka da su, don suna kwashe uwa da 'ya'ya tare.

Da jirgi ya taɓa gaɓa aikin maza ya ƙare, na mata ya fara. A yawancin tsibiran babu wutar lantarki, ƙanƙara kuwa sai an kawo daga nesa, kuma ɗanyen kifi a zafin nan ba ya kai yamma. Dole a sarrafa shi nan take: a fasa, a wanke, a jera a kan ragar waya bisa murhun laka, a yi banda da hayaƙi. Murhun da ya fi yaɗuwa a Gana shi ne mai suna Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a wata unguwar masunta ta Akara a 1969. Ana ɗora faifan waya bisa juna, wuta ɗaya ta gasa da yawa, itace ya yi auki. Karfasa kuma akan cika ta da gishiri a shanya, ta zama abin da ake kira kobi. Ranar kasuwa sai a loda kwanduna a jirgi zuwa Yeji ko Makango, daga nan motoci su kai Kumasi da Tamale da sauran kasuwanni. Sau da yawa 'yar kasuwar ce ta ba masuncin bashin raga ko man inji, don haka kifinsa nata ne tun yana ruwa. Idan ka taya kifi a bakin gaɓa aka ce an sayar alhali ga shi a gabanka, ba wulaƙanci ba ne. Ka tambayi matar da ke riƙe da kwano, ita ke da magana.

Wannan saurin sarrafa kifi shi ke nuna lokacin zuwa. Mai son ɗanyen kifi a gasa masa, ya ci da banku da yaji da albasa, sai ya yi sammako. Wanda ya iso da azahar banda zai tarar. Daga Nuwamba zuwa Janairu ruwa na cike, guguwa ta yi sauƙi, sai dai hazon hunturu kan ɓoye gaɓa, kamu kuma kan ragu saboda sanyi. Farkon damina ne lokacin tsoro, don hadari na haɗuwa cikin ɗan lokaci, iska ta tayar da igiyar ruwa a fili inda babu mafaka.

Game da shaƙatawa, akwai yawo a kwale-kwale, akwai jefa fatsa, akwai kallon tsuntsayen ruwa da sassafe, kuma masunta kan yarda baƙo ya bi su ɗebe raga idan an yi magana tun daren jiya. Wanka ne ban ba da shawara ba. Ruwan gaɓa mai ciyayi na ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, cutar fitsarin jini, wadda ta yawaita ƙwarai a ƙauyukan bakin tafkin tun bayan cikarsa. A tafi da ruwan sha. A daidaita kuɗin jirgi na zuwa da dawowa kafin a tashi, a kuma yi niyyar komowa kafin la'asar sakaliya.

Mai karatu, in jirgin da za ka shiga an loda masa buhuna da dabbobi da mutane har ruwa ya kusa bakinsa, ko ka nemi rigar kariya daga nutsewa aka ce babu, ka sauka ka jira na gaba.