Kafin A Yi Lodi, A Tambayi Hawa Da Gangarar Hanya

A wannan fitowa za mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu ba mu cika sa shi cikin lissafi ba. In za mu ɗauki shatar mota daga kara zuwa kudu, mukan tambayi kuɗin mota, da na duwan, da na takardar likitan dabbobi, da yawan shingayen da ke hanya. Amma da wuya ka ji wani ya ce, "Shin hawa nawa ne a hanyar nan, gangara nawa?" Sai mu ce ai wannan aikin direba ne. To, gaskiya ne sitiyari yana hannun direba, amma dukiyar da ke bayansa tamu ce, kuma yaran da ke zaune a saman bodi 'ya'yanmu ne. Saboda haka tambayar nan ta zame mana dole, tun kafin a yanke kuɗin mota.

Wuraren da aka sani

Wanda ya taso da shanu daga Cadi ko Marwa, in ya wuce Garwa yana ƙasa ne, wajen mita 200 bisa teku. Ngaundere kuwa ta haura mita 1,000, kuma babban rabon hawan nan a wuri guda yake, wato dutsen da ake kira falez, bayan an wuce Mbe. Nan mota take hawa da cikakken lodi. Tun 1974 da layin dogo ya iso Ngaundere aka sha loda shanu a jirgin ƙasa zuwa Yawunde da Duwala, amma mai tasowa daga arewa sai ya hau falez kafin ya ga tashar jirgin.

A Nijeriya kuma abin ya juya. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, saboda haka mai bin hanyar Akwanga gangarowa zai yi ta Hawan Kibo, da lodinsa a baya yana tura shi. A yammacin Kamaru akwai gangarar Dschang zuwa Santchou, inda a watan Janairun 2021 motar fasinja ta yi karo da wata mai ɗauke da man fetur, mutum fiye da 50 suka rasu. 'Yan'uwanmu masu bi ta Togo zuwa Lome sun san Defale da Alejo. An yi wa wuraren nan biyu hanyar kewaye, sai dai ya kamata a ji daga bakin direba wacce zai bi.

Mene ne ma'anar lambar da ke kan allo?

A bakin gangara akan kafa allo mai kusurwa uku da jan baki, a rubuta 8% ko 10%. Ma'anar 8% ita ce, duk tafiyar mita 100 hanya ta sauka mita 8. A ido kamar ba wani abu ba ne. Amma in gangarar ta kai kilomita 5, ka ga an sauka mita 400 ke nan. Don haka tambaya biyu ake yi: yaya tsinin gangarar yake, kuma ina tsawonta? Gajeriyar gangara mai tsini sau da yawa ta fi sauƙi a kan doguwa mai kwana-kwana.

Ga dalili. Birki ba ya tsayar da mota sai ta hanyar gogayya, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Mu ɗauka tirela da shanunta sun kai tan 30, ta sauko daga tudu mai mita 500. In birki kaɗai ya riƙe ta, zafin da zai sha ya isa ya tafasa ruwa fiye da duro biyu. In ƙarfen da birki yake kamawa ya yi zafi sai ya buɗe, abin kamun ya yi santsi, direba ya taka har ƙasa mota ba ta ji ba. Kuma manyan motoci da iska birkinsu yake aiki. Direban da ke taka-saki, taka-saki babu ƙaƙƙautawa yana zubar da iskar tankinsa ne. Abin da muke kira "birki ya tsinke" galibi ke nan, ba wai wani abu ya katse ba.

Maganinsa a shiga ƙaramar giya tun daga saman tudu, a bar inji ya riƙe mota. Tsofaffin direbobi sun ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, ko ma wadda ta fi ta ƙasa. Wanda ya cire giya a gangara don ya rage shan mai, da ranmu da dukiyarmu yake caca.

A hawa kuwa inji ne ke shan wuya. Ruwan lagireto ya tafasa, ko direba ya nemi sauya giya a tsakiyar dutse ta ƙi shiga, mota ta soma komawa da baya. Nan ne weji da yaron mota mai zafin nama suke ceton rai.

Saniya ba buhun masara ba ce

Buhu in an ɗora shi yana nan inda aka aje shi. Sa kuwa a tsaye yake, nauyinsa yana sama, kuma yana motsi. A hawa duk shanu baya suke zamewa, su danne na ƙarshe. A gangara su taru a gaba. A kwana kuma su kwanta gefe guda, su ja bodi, abin da ke kifar da tirela ke nan ko da gudun bai kai a ce gudu ba. Wanda ya faɗi a cikinsu, in ba a tashe shi da wuri ba, 'yan'uwansa za su tattake shi. Daga nan sai wuƙa, a sayar wa mahautan bakin hanya a farashin da suka ga dama.

Mu duba lissafin da kanmu. Mukan cusa ƙarin bijimi uku don kuɗin mota ya yi sauƙi a kan kowane kai. Bijimi uku masu kilo 350 sun haura tan guda. In ɗaya ya karye a falez, ribar cushen ta tafi har da uwar kuɗi. Araha ba ta ado.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, a tambayi waɗanda suka bi hanyar cikin makon nan, ba bara ba. Ruwan sama yakan zaizaye kwana, yakan zubo da duwatsu. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, taswirar da ke cikin waya tana da amfani, tana ma iya nuna tuddai in an buɗe ɓangaren yanayin ƙasa. Amma gajeriyar hanya take zaɓa, ba ta san shanu ka ɗauko ba. A gwama abin da ta nuna da maganar tsohon direba.

Na uku, a duba mota da ido. A tabbata birkin bodin tirela yana haɗe kuma kowace ƙafa tana kamawa, ba na kan mota kaɗai ba. A ga agogon iska ya cika, a zubar da ruwan tankin iska, a dubi taya, a ga weji aƙalla biyu.

Na huɗu, a yi lodi daidai da dutsen da ya fi tsanani a hanyar. A zuba yashi a ƙasan bodi saboda santsin kashi da fitsari, a gitta itace a raba shanu kashi-kashi, kada a gama manya da ƙanana. Masu dogon ƙaho irin na Bororo suna son fili fiye da gudali.

Na biyar, a tsara lokaci yadda za a iso dutse da sanyin safiya, ido na ganin hanya. Ban da tsakar rana, ban da dare, ban da cikin ruwa ko hazo. A tsaya a saman tudu a duba birki, masu rakiya su tashi duk dabbar da ta kwanta, sannan a gangara.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi shafarmu: mu daina matsa wa direba da cewa sai an cim ma kasuwar gobe ko ta halin ƙaƙa. Direban da bai yi barci ba, ga mai kaya yana ta buga masa waya, shi ne zai shiga gangara da babbar giya. Kasuwa in ta wuce wata za ta ci. Sauri ya haifi nawa.

Muna roƙon shugabannin rassa su riƙa tattara labarin hanya daga masu dawowa, su sanar a kara ranar kasuwa, don baƙon hanya ya amfana. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu ciniki mai albarka, amin.