Idan buta ta suɓuce daga hannun Baba

Da asuba dattijo ya tsuguna zai yi alwala, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya so ya kira jikansa, harshe ya yi nauyi, magana ta fito kamar mai tuwo a baki. Ruwan kurkure baki yana tsiyayowa ta gefe guda. A gidaje da yawa, nan za a ce iska ce ta taɓa shi, a aika a karɓo rubutu, a turara hayaƙi, a bari gari ya waye tukuna a gani.

Abin da ya same shi a ƙwaƙwalwa yake, ba a hannu ba. Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe, wanda shi ya fi yawa, kusan kashi 85 cikin 100, ko kuma ta fashe. Hawan jini ne babbar sila, sai ciwon suga da shan taba. Yara masu sikila ma ba su tsira ba. Duk minti ɗaya da jini bai isa ba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa.

Gwajin gane ta ba ya buƙatar likita. Ka ce ya yi murmushi, ka duba ko baki ya karkace. Ka ce ya ɗaga hannuwa biyu, ka ga ko ɗaya zai sauko da kansa. Ka ce ya faɗi sunansa. Ko ɗaya daga ciki ya isa. Haka ma dusashewar gani farat ɗaya, jiri mai kayar da mutum, ko ciwon kan da bai taɓa jin irinsa ba.

Ka dubi agogo ka riƙe lokacin, shi likita zai fara tambaya. Allurar narkar da gudan jini tana da wa'adi: awa 4 da rabi daga fara alamun. Kwantar da shi a gefensa, a nemi mota ko da a-daidaita-sahu ce, a nufi babban asibiti mai na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, kada a tsaya kemis. Tofi da addu'a ba su hana tafiya, a yi su a hanya. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, haɗiya na iya gagararsa ya shaƙe. Asfirin kuwa, da wasu ke gaggawar miƙawa da kyakkyawar niyya, idan jijiya ce ta fashe ƙara zubar jinin zai yi, kuma sai hoto ne ke bambance toshewa da fashewa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai yaudara: baki ya karkace, bayan minti goma ya miƙe garau, Baba ya ce ai ba komai, ya tafi kasuwa. Gargaɗi ne, kuma babbar shanyewar na iya biyo baya cikin kwana ɗaya ko biyu. Shi ma a ranar za a kai shi asibiti, ko yana gardama.