Michael Cardew, Baturen da ya zo koyar da ginin tukwane ya tarar da gwanaye

A Ɗan Issa, inda sefa da naira suke cuɗanya a aljihu ɗaya, da wuya a samu wanda takardar naira 20 ba ta taɓa ratsa hannunsa ba. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammad, a bayanta kuwa wata mace ce tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali, kuma tun shekarar 2007 hotonta yake kan wannan kuɗi. Labarinta ba ya cika sai an haɗa da na wani Baturen Ingila, Michael Cardew, wanda ya shafe shekaru 15 yana aikin yumɓu a arewacin Najeriya. A cikin tarihinsa akwai abin lura ga duk wanda ya damu da makomar maginan tukwanen ƙasarmu.

An haifi Cardew a shekarar 1901 a Wimbledon, kusa da birnin Landan. Iyayensa masu hali ne, ba su gaji ginin tukwane ba, amma mahaifinsa yana da sha'awar kayan wani gida na magina da ke ƙauyen Fremington, cikin lardin Devon. Gidan Fishley ke nan, waɗanda suka riƙe sana'ar uba ya bar wa ɗa tun farkon ƙarni na 19. Edwin Beer Fishley, wanda ya ja ragamar gidan har rasuwarsa a 1912, shi ne ya gina tuluna da kwanonin da Cardew ya tashi yana gani a kan teburin iyayensa. Da ya zama saurayi yana karatu a jami'ar Oxford, sai ya riƙa amfani da lokacin hutu yana zuwa wurin jikan tsohon, William Fishley Holland, domin ya koyi sarrafa yumɓu a kan faifai mai juyawa, irin wanda Turawa suke gini da shi.

A 1923 ya shiga hannun Bernard Leach, babban magini da ya yi koyo a Japan, ya zama almajirinsa na farko a garin St Ives. Bayan shekaru 3 ya kama gashin kansa, ya farfaɗo da wata tsohuwar masana'anta da ta mutu a Winchcombe, yana gina kayan amfanin gida masu araha. A 1939 ya kafa wata a Wenford Bridge, cikin lardin Cornwall. Suna ya samu, kuɗi ne dai suka ƙi zama. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya karɓi aiki a kwalejin Achimota ta ƙasar Gana a 1942, lokacin ana kiranta Gold Coast. Masana'antar da aka ba shi ba ta yi riba ba, aka rufe ta. Ya koma ƙauyen Vume a bakin kogin Volta ya zuba dukiyarsa, nan ma wahala da rashin lafiya suka mayar da shi gida a 1948.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi a matsayin jami'in kula da ginin tukwane. Ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da aikin magina, ya kuma rubuta rahoto. Abin da ya gani ya ba shi mamaki, domin kuwa ya tarar da mata da maza suna gina randa da tulu da hannu kawai, cikin sauri da daidaito, su gasa su a fili da itace da ciyawa, kayan kuma su biya bukatar da aka yi su dominta. Ra'ayinsa shi ne tukunyar gargajiya ba ta bukatar gyaran kowa. Abin da ya ba da shawara a yi shi ne a koya wa matasa gina faranti da kofi da butar shayi masu ƙyalli, irin na tangaran da ake shigowa da su daga waje, domin ma'aikata da sauran mazauna birni.

Wurin da ya zaɓa shi ne Abuja, wato garin da yau ake kira Suleja, bayan da aka ba babban birnin tarayya sunansa na asali. Garin yana da yumɓu mai kyau da ruwa da itace, ga kuma Sarki Sulaimanu Barau, mai ilimin zamani, wanda ya yi maraba da aikin. Mutumin Maraɗi zai ga kamannin gida a tarihin wannan masarauta: kamar yadda sarakunan Katsina suka kafa Maraɗi, na Gobir suka kafa Tsibiri bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, haka zuriyar sarakunan Zazzau suka yi kudu, Abu Ja ya kafa garinsa a 1828. A nan aka kafa cibiyar koyon ginin tukwane a farkon shekarun 1950.

A fadar sarki ne Cardew ya ga tulunan wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, masu zanen kadangare da kada da kunama da kifi da tsuntsaye. Ladi ta koyi sana'ar tun tana ƙarama a hannun wata ƴar uwar iyayenta. A 1954 ta shiga cibiyar, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifai, amma manyan tulunanta ta ci gaba da gina su da hannu yadda ta gada, sai dai yanzu ana shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa su cikin tanderu. An nuna kayan cibiyar a Landan a 1958 da 1959 da 1962, masu kuɗi suka yi rububinsu. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew tana nuna gwanintarta a gaban jama'a. Matar da ba ta shiga lakwal ba, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi nazari. Tulun da aka gasa a fili ba ya shan zafi mai tsanani, saboda haka jikinsa yana da ƙananan kafofi da ruwa yake tsattsafowa ta ciki. Iska na busar da wannan danshi, ruwan da ke ciki sai ya yi sanyi. Shi ya sa randa take maganin ƙishirwa a watan bazara ba tare da lantarki ba, tukunyar ƙasa kuma take jure harshen wuta a kan murhu. Tanderun Cardew kuwa zafinsa yana haura digiri 1200, yumɓu ya ƙanƙame ya zama kamar dutse. Tulun Ladi da ya fito daga cikinsa ya fi kyau ga ido, ya fi ƙarko, amma ya yi nauyin da ba a zuwa rijiya da shi, kuma ba ya sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan ado, farashinsa kuma ya fi ƙarfin matan da suka ƙago siffarsa.

Haka nan burin farko na gwamnati, wato a samu ƙananan masana'antu masu ciyar da kansu a garuruwa, bai cika yadda aka so ba. Tanderu yana cin itace da yawa, haɗa ruwan ƙyalli yana bukatar niƙa duwatsu da awo, alhali kuwa kwanon sha da farantin ƙarfe na kanti sun fi araha. Mafi yawan masu sayen kayan Abuja Turawa ne da manyan ma'aikata.

Cardew ya bar aiki a 1965, ya miƙa cibiyar ga Michael O'Brien, ya koma Wenford Bridge. A 1969 ya fitar da littafinsa Pioneer Pottery, inda ya tattara abin da ya koya a Afirka ta Yamma game da yumɓu da duwatsu da wuta. Ya rasu a 1983. Ɗansa Seth ya gaji masana'antar ya riƙe ta fiye da shekaru 20, ta haka wanda bai gaji sana'a ba ya bar ta gado. Cibiyar Suleja kuwa aka sa mata sunan Ladi Kwali.

A ƙasarmu har yanzu ana gina tukwane a Jiratawa, nan cikin yankin Madarunfa, da Mirya kusa da Damagaram, da Bubon a bakin kogin Kwara. Abokan gogayyarsu su ne bokitin roba da jarka da tukunyar dalma. Darasin Abuja shi ne duk mai son taimakon magina, gwamnati ce ko ƙungiya, ya fara tambayar wa zai sayi kayan, me kuma zai yi da su, tun kafin a kawo na'ura ko a gina tanderu. Ƙarfin maginin ƙauye yana cikin abin da roba ba ta iyawa, wato sanyin ruwa da ɗanɗanon miya, ga araha. Abin da ya fi bukata shi ne a kare masa ramin yumɓunsa daga masu yanka filaye, a sauƙaƙa masa kai kaya kasuwa ba tare da rabi ya fashe a hanya ba, a kuma daina kallon sana'arsa da idon raini, domin yaron da ya ga ana raina aikin mahaifiyarsa ba zai zauna ya koya ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa masu hannu a al'amarin su farga da wuri.