Kasuwa ma tana da kaka da bazara

Manomin Kurfai ba ya bukatar a faɗa masa cewa farashi yana bin wata. Da kaka, in an yi girbi a gonakin Dallol Boso, hatsi yakan cika kasuwar Filinge, tiyar gero ta faɗi. Daga bazara zuwa tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, sai ta hau. Haka ragon layya yake tsada a kasuwar Lahadi ta Baleyara in Babbar Salla ta gabato.

Masana tattalin arziki sun ga irin wannan a kasuwannin hannun jari. A 1976, Rozeff da Kinney sun nuna cewa ribar kasuwar New York ta fi yawa a Janairu. A 2002, Bouman da Jacobsen sun duba ƙasashe 37, suka tarar a 36 ribar Nuwamba zuwa Afrilu ta zarce ta Mayu zuwa Oktoba, har da ƙasashe masu tasowa. Wani binciken na 2012 a ƙasashen Musulmi 14 ya gano cewa da azumi riba takan ƙaru, farashi kuma ya rage tangal-tangal. Nijar ma tana da hannu a irin wannan kasuwa, domin kasuwar BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a 1998, ta ƙasashen UEMOA takwas ce, kuma ana cinikin hannun jarin bankin BOA Nijar a can.

Sai dai kasuwannin biyu ba ɗaya ba ne. A hannun jari, da zarar an gane watan riba, masu kuɗi sukan riga juna saye, ribar ta ragu. Haka ta Janairu ta dushe a Amurka. Tsadar hatsi kuwa kowa ya san lokacinta, amma duk shekara sai ta dawo. Dalili shi ne girbi sau ɗaya ne, kuma talaka ba ya iya jira. Bashi, magani da hidimar biki suna sa shi sayarwa da arha, ya dawo ya sayi hatsin da tsada lokacin noma. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Shi ya sa tsarin warantaj, wanda hukumar FAO ta taimaka wajen yaɗawa a Nijar tun 1999, ya cancanci kulawa. Ƙungiyar manoma takan zuba buhuna a sito, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannunta, ɗaya a hannun asusun bashi. Manomi ya karɓi rance, ya yi kiwo ko noman rani, ya biya, ya ɗauki hatsinsa bayan farashi ya tashi. Akwai shekarun da tashin ba ya rufe kuɗin ajiya da na rance, don haka bin farashin da SIMA, tsarin bayanan kasuwannin amfanin gona, ke bayarwa wajibi ne.

Manoman Kurfai sun san kalandar kasuwa sarai. Abin da ya rage a samar musu shi ne sito mai kyau da rance mai sauƙi, domin ribar jira ta zauna a gidan wanda ya yi noman.