Inda Ɗaliba Za Ta Ci Abinci A Samaru

Yau maganarmu a kan ciki ta ke. Kowace shekara in lokacin tafiya jami'a ya zo, za ku ga uwa ta cika wa 'yarta akwati da atamfa da sabulu, da garin kunu da yaji da ƙuli-ƙuli. Sa'an nan ta zaunar da ita ta yi mata nasiha a kan karatu da kamun kai. Wannan duk ya yi kyau. Amma ba safai uwa kan tuna ta gaya mata yadda za ta zaɓi wurin cin abinci ba, alhali kuwa sai da ruwan ciki a kan ja na rijiya. Yarinyar da ciwon ciki ya kwantar ranar jarrabawa, ina amfanin karatun da ta kwana tana yi?

Bari mu ɗauki Samaru ta ƙasar Zazzau misali, gama kusan babu garin da ba shi da ɗa ko 'ya a can. Nan ne babban mazaunin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe cikin 1962, a bakin hanyar da ta fita daga Zariya ta nufi Funtuwa da Sakkwato. Tana da wani mazaunin a Kongo, inda a ke koyon shari'a da sha'anin mulki, asibitin koyarwarta kuwa yana Shika. A zamanin da, jami'a ce ke dafa wa ɗalibai, kowa ya miƙa tikiti a zuba masa a babban ɗakin cin abinci. Ƙarin kuɗin abinci ma yana cikin abin da ya ta da rikicin ɗalibai na 1978, wanda har aka yi hasarar rayuka a Zariya. Cikin shekarun 1980 gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa. Tun daga nan ɗalibi ya koma ko dai ya dafa da kansa, ko ya saya. Mai shiga aji tun da safe ta fito da la'asar kuwa, tilas wata rana ta saya.

To, 'yar'uwa, wuraren sayen ba su da wuyar samu. Akwai su a cikin jami'a kusa da ɗakunan kwana, akwai a bakin ƙofofi, akwai a kasuwar Samaru da lungunan Hayin Dogo. Waɗansu shaguna ne da tebur da kujeru, waɗansu rumfa ce kawai da benci, irin wadda a ke kira buka, watau bukkar nan tamu ce sunanta ya je Kudu ya komo. Kowane abinci kuma da lokacinsa. Da sassafe ki nemi mai koko da ƙosai, ko mai waina. Da hantsi ɗanwake ke fita, da shinkafa da wake da mai da yaji. Da rana ga dafa-duka, ga dambu, ga sakwara da teba da miyar agushi wajen 'yan'uwanmu matan Kudu. Da la'asar masu awara su kan kafa kaskonsu, da almuru kuma tuwo da miyar kuka ko kuɓewa, ga mai shayi da burodi da ƙwai. Kada ki manta da fate, wanda a ke yi wa Zage-zagi ba'a da shi. Ku bar su da abinsu, gama tsaki da ganye da gyaɗa ne, ga riƙe ciki ga arha.

Wahalar ita ce zaɓe. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari, saboda haka farkon abin da za ki yi shi ne tambaya. Ki tambayi ɗalibai mata da suka riga ki shekara biyu ko uku, ki tambayi matan da ke aiki a ɗakin kwananku. Kada ki ce musu ina ne ya fi daɗi. Ki ce ina ne su ke ci kullum, tun yaushe kuma. Mai abincin da ta yi shekaru a rumfa ɗaya, ma'aikata masu iyali suna cin nata, ba ta kai haka da ƙazanta ba.

In an kwatanta miki wuri, ranar farko ki je da ido, gama gani ya kori ji. Abubuwa huɗu za ki duba.

Na fari, ruwa. Ki lura da inda a ke wanke kwanoni. In baho ɗaya ne, ruwan ya yi kauri da maiƙo tun safe ba a sake shi ba, to, ki yi sallama ki wuce. Wuri mai kyau yana da na sabulu dabam, na ɗauraya dabam. Hakanan wajen wanke hannu, a zuba miki daga buta ya fi ki tsoma hannu cikin kwanon da mutum goma suka tsoma. Ruwan sha kuwa ki tafi da naki wanda kika tafasa, in ba haka ba ki sayi na leda mai lambar hukumar NAFDAC a jikinsa. Zazzaɓin taifot da amai da gudawa ta ruwa da abinci marasa tsabta su ke shiga jiki, kuma ruwa kan yi garai-garai alhali yana ɗauke da cuta.

Na biyu, wuta. Abincin da aka kwaso daga tukunya yana tururi shi ne amintacce, domin zafi yana kashe ƙwayoyin cuta. Masana lafiya sun ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba kan wuta ba, ba kuma cikin sanyi ba. Shinkafa da alale da miyar da aka sa wa gyaɗa ko agushi su ne masu saurin juyawa, tun ba lokacin bazara ba. Don haka ki san lokacin da mai abincinki ke sauke tukunya, ki je a lokacin. Cikowar mutane ma alama ce mai kyau, gama inda a ke layi abinci ba ya kwana. Ɗanyen ganye irin su latas da kabeji, da yankakkiyar albasa da tumatir, ba su ga wuta ba. In ba ki tabbata da wankinsu ba, ki ce a bar miki su.

Na uku, hannu da mazauni. Dubi faratan mai zubawa da ɗankwalinta. Da hannun da ta karɓi kuɗi ta ke ɗauko nama, ko da cokali? Tukwanen a rufe su ke? Rumfar tana bakin kwata ne ko kusa da juji? Inda ƙuda ya yi sansani, ko miyar ta kai ta gidan sarki daɗi, ba wurin zamanki ba ne.

Na huɗu, mai. Man suya in ya yi baƙi yana kumfa, an daɗe ana juya shi ke nan. Hancinki ma zai gaya miki, gama ƙosan da aka soya cikinsa ya kan yi ɗaci, ya kuma tsaya a maƙogwaro.

Sai maganar kuɗi. Ki tambayi farashi kafin a zuba, ba abin kunya ba ne. Ki faɗi na nawa ki ke so, da nama ko ba nama. Kuɗin da aka aiko miki ki raba shi bisa kwanakin wata tun ranar da ya zo, don kada ki ci kaza a makon fari ki koma shan gari a na ƙarshe. Wake da gyaɗa da awara da ƙwai suna gina jiki, ba su kuma kai nama tsada ba. Amma fa arha ba ta ado. Farantin da ya fi na kowa sauƙi da nisa, ki tambayi kanki dalili. Bashin mai abinci kuma ki guje shi, domin wadda a ke bi ba ta da bakin cewa miya ta yi tsami.

In kin sami wuri ɗaya ko biyu da suka cika waɗannan sharuɗɗa, to, ki riƙe su, ki bar yawon ɗanɗane. Ki riƙa gai da mai abincin da ladabi, ki kira ta Mama ko Inna, gama da yawa cikinsu da wannan tukunyar su ke biya wa nasu 'ya'yan kuɗin makaranta. Wadda ta san fuskarki ita za ta ajiye miki mai zafi, ita kuma za ta tambaya in ta kwana biyu ba ta gan ki ba. A baƙon gari wannan ba ƙaramin abu ba ne. In rumfar ta cika da maza har kin ji nauyin zama, ki tafi da kularki a zuba miki ki koma ɗaki. Da dare kuwa kada ki fita ke kaɗai, kada kuma ki saba da barin wanda ba ki sani ba ya biya miki.

In duk da haka ciki ya ɓaci, ki tafasa ruwa lita 1, ya huce, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ki riƙa kurɓa. In gudawar ta yi yawa, ko da jini, ko zazzaɓi ya biyo baya, maza ki tafi asibitin jami'a. Kada ki tsaya sayen ƙwayoyi a kanti bisa shawarar ƙawa.

Ku kuma uwaye, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yarinya tana sakandare ku riƙa tafiya da ita kasuwa, ku nuna mata rumfar da za a zauna da wadda za a wuce, ku gaya mata dalili. In ta tafi kun kira ta a waya, bayan kun tambayi karatu, ku tambaye ta abin da ta ci yau, da wurin da ta ci shi. Allah ya ba 'ya'yanmu lafiya da ilmi mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.