Kafin a sa hannu: haƙƙin wanda ake bincike a kansa, daga Douala zuwa Kano

A watan Fabrairun 2005 ma'aikatar lafiya ta Kamaru, ƙarƙashin minista Urbain Olanguena Awono, ta dakatar da wani gwajin magani da ake yi a Douala. Ƙungiyar Family Health International ta Amurka ce ke gudanar da shi a kan mata masu zaman kansu 400, domin a gano ko ƙwayar tenofovir na iya kare mutum daga cutar sida. Rabin matan na shan maganin, rabi kuma na shan ƙwayar da babu magani a cikinta. Masu sukar aikin, ciki har da ƙungiyar Act Up ta Paris, sun ce ba a yi wa matan cikakken bayani da harshen da suke ji ba, masu ba su shawara sun yi kaɗan, kuma ba a tabbatar da magani ga wadda ta kamu a lokacin gwajin ba. Abin takaicin shi ne daga baya wasu gwaje-gwajen sun nuna maganin yana kariya. Rashin yarda ne ya kashe aikin Douala.

Mutanen Kano sun san irin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara 200, kuma 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba su san gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta, aka ƙare da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009.

Waɗannan duk gwajin magani ne. Amma akwai wani bincike da ba allura ba ƙwaya, wanda ya fi saurin shiga unguwa irin New Bell: na masana halayyar ɗan Adam. Ɗalibin jami'a ne da takardar tambayoyi, ko ma'aikaciyar wata ƙungiya da ke son jin halin da 'yan gudun hijira ke ciki, ko wasa da ake sa yara su yi ana ɗaukar hotonsu. Ana yin irinsa a Kamaru. Masana daga jami'ar Osnabrück ta Jamus sun taɓa ajiye fanke a gaban yaran ƙabilar Nso 'yan shekara huɗu, suka ce wanda ya yi haƙurin minti 10 zai sami biyu. Kusan kashi 70 cikin ɗari sun jure, yaran Jamus kuwa da aka gwada da kayan zaƙi ba su kai kashi 30 ba.

Da yake ba a taɓa jiki, mutane kan ɗauka babu cutarwa. Tarihin fannin bai nuna haka ba. A 1961 Stanley Milgram na jami'ar Yale ya sa mutane su riƙa danna wa wani wutar lantarki duk lokacin da ya ba da amsa ba daidai ba. Wutar ta ƙarya ce, mai ihun kuma ɗan wasa ne, amma masu dannawa ba su sani ba. Cikin mutum 40, 26 sun kai har matakin ƙarshe na volt 450, wasu suna gumi suna rawar jiki. Sun koma gida da sanin abin da za su iya aikatawa idan mai iko ya umarce su, kuma babu wanda ya tambaye su tun farko ko suna son wannan sanin.

Daga irin wannan ne ƙa'idojin yau suka ƙara tsauri. Kafin a fara, kwamitin ɗa'a ya duba tsarin binciken. A Kamaru akwai na ƙasa a Yaounde, jami'ar Douala ma tana da nata, kuma a 2022 an kafa doka kan binciken lafiya da ya shafi ɗan Adam. Mai bincike ya faɗi ko shi wane ne, me za a yi, tsawon wane lokaci, da inda amsoshin za su tafi. A ɓoye suna. Wanda ya shiga yana iya fita a kowane lokaci ba tare da ya rasa wani tallafi ba. Yaro kuma sai da izinin iyayensa. Wani lokaci kwamiti kan yarda a ɓoye ainihin manufar gwaji, don idan mutum ya sani zai sauya halinsa, amma da sharaɗin babu cutarwa, kuma a zaunar da shi a ƙarshe a gaya masa gaskiya.

Inda abin ke da wuya a unguwannin Hausawan Douala shi ne harshe. Takardar amincewa kan zo da Faransanci ko Turanci, alhali dattijuwar da ke gaban mai binciken Hausa da Fulatanci take ji, karatunta kuma na allo ne. Dangwala yatsa a takardar da ba a fahimta ba ba amincewa ba ce. Ƙa'ida ita ce a karanta mata da harshenta, a gaban shaidar da ba ya cikin masu binciken.

Sai batun manya. Daidai ne baƙo ya fara gaida sarkin Hausawa ko liman, ya nemi iznin maigida kafin ya shiga cikin gida. Amma izninsu na buɗe ƙofa ne kawai. Matar da za a tambaya game da aurenta, ko saurayin da ba shi da takardun zama, su ne amsar za ta iya jawo wa matsala, don haka su za a tambaya, su kaɗai, a inda za su iya cewa a'a ba tare da jin nauyin kowa ba.